Jan ganyen ado da na kawo daga Ngaundere yana ƙonewa a Garwa: ina neman shawara

Uwar gida, unguwar Yelwa, Garwa, a arewacin Kamaru, ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina yi wa kowa fatan alheri, tare da neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin harkar shuke-shuke. A watan Agustan bara na je Ngaundere bikin ɗiyar yayata, kuma a tsakar gidan da muka sauka na tarar da wata shuka ta ado da aka jera tun daga bakin zaure har ƙofar ɗakin matar gidan. Tsawonta ya kai ƙugun babban mutum, ganyenta ja wur, har idan hantsi ya doke shi sai ka ga haske yana ratsa shi kamar jan gyale da aka shanya a igiya. Karan jikinta ma ja ne, mai ruwa-ruwa, ba shi da taurin itace. Mutanen gidan jan fulawa kawai suke ce mata, ko da yake ban ga fure ko ɗaya a jikinta ba, ganyen shi ne adon. Matar gidan ta yanko mini rassa 6, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, muka sauko da su Garwa a mota.

Duka shidan sun kama, kuma har zuwa watan Nuwamba babu baƙuwar da za ta shigo gidana ba ta tambaye ni inda na samo su ba. Da hunturu ya kankama sai na ga ganyen ya dusashe, ya yi ɗigo-ɗigo masu haske kamar an yayyafa masa gari, na ɗauka ƙura ce kawai. Da zafi ya shigo a Maris sai bakin ganyen ya fara bushewa yana nannaɗewa, da azahar shukar ta yi yaushi ta kwanta, ko da na ba ta ruwa da safe. A bokitan roba baƙaƙe na dasa su, a gindin katangar da rana ke duka har la'asar. Da guda 4 suka mutu, sai na kwashe biyun da suka rage na kai su ƙarƙashin mangwaro, inda rana ba ta taɓa su ko kaɗan. Yanzu ba sa ƙonewa, amma sun zama dogaye sirara, ganyen ya yi nisa da juna, jan kuma yana komawa kore-kore.

Tambayoyina su ne: mene ne sunan wannan shuka, kuma yaya zan fitar da ita daga bazarar Garwa da ranta da launinta? Akwai kuma maganar da ta fi damuna. Inna, wato surukata, ta ce wannan ai jan alayyafo ne, a riƙa tsinka ana sa mata a miya, wata maƙwabciyata kuma ta ce idan aka dafa ganyen aka sha ruwan yana ƙara jini. Ban yarda na ba kowa ba tukuna, amma ina son hujjar da zan faɗa wa Inna cikin ladabi.

Tsohon malamin aikin gona, Sabongari, Ngaundere, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Shuke-shuke biyu ne mutanenmu na nan ke haɗawa a ƙarƙashin sunan jan fulawa, kuma kafin a yi maganar kulawa ya kamata ki tsinko ganye ɗaya ki duba shi da kyau. Idan ganyen kusan zagayayye ne, ya ɗan tattare, bakinsa yana da 'yar tsaga kamar an ɗan ciza, jijiyoyinsa kuma sun fi sauran ganyen haske, to ita ce masana ke kira Iresine herbstii. Asalinta ƙasar Burazil ce, kuma masanin tsirrai ɗan Ingila, Hooker, shi ya sa mata wannan suna a 1864 don karrama wani mai lambu da ake kira Herbst. Turawa suna yi mata laƙabi da ƙundun kaza saboda siffar ganyen, kuma duk wanda ya taɓa gyara kaza zai ga kamar da zarar ya riƙe ganyen a tafin hannu. Idan kuwa ganyen dogo ne mai tsini, launinsa ya yi duhu kamar makuba, shukar kuma tana fitar da ƙananan furanni farare dunƙulallu kamar maɓallin riga, to Alternanthera brasiliana ce, ita ma daga Kudancin Amurka. Wannan ta biyun ta fi jure rana da ƙishirwa, tana zubar da iri ta tsiro inda ba a shuka ta ba, har a arewacin Ostireliya ana lissafa ta cikin ciyayin da suka tsere daga lambu suka zama matsala. Yadda kika siffanta haske yana ratsa ganyen, da kara mai ruwa-ruwa, da rashin fure, ya sa na fi zaton ta farkon ce a hannunki.

Inna ba ta yi kuskure ba da ta hango alayyafo a jikinta, domin dukansu dangi ɗaya ne. A cikin wannan dangi ne ake samun alayyafon miyarmu, da rukuɓu, da zarangade mai ƙaya, da haƙorin maciji da ke manne wa mutum a wando idan ya ratsa gona da kaka, har ma da gwozar Turawa ja da ake yankawa a salak. Jan da kike gani wani sinadari ne da ake kira betalen, wanda wannan dangi da wasu maƙwabtansa suke yi, kuma ba irin jan zoɓo ba ne ko da ido ya ga sun yi kama. Hasken rana ne ke sa shukar ta tara wannan launi da yawa, shi ya sa da kika ɓoye ta a inuwar mangwaro ta koma kore-kore, ta kuma miƙe tana neman haske.

Abin da ya sa ta yi kyau a wurinmu ta wahala a wurinku ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa hawa ko sauka ta hanyar dutsen nan da ke tsakanin garuruwan biyu. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, ruwan samanmu yana kaiwa wajen milimita 1,500 a shekara, kuma ko da rani darenmu yana da sanyi. Garwa kuwa tana kwance a kwarin Binuwai, ruwanta bai wuce wajen milimita 1,000 ba, zafin Maris da Afrilu kuma yana haura digiri 40. A nan muna dasa ta a fili, rana ta yini a kanta ba abin da zai same ta. A wurinku ranar safe kawai take buƙata, daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe 10, sannan inuwa ta karɓe ta kafin azahar.

Game da ci, shawarata ita ce kada a sa ta a miya, kada kuma a dafa don sha. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Alayyafo kaka da kakanni ne suka zaɓe shi, suka ci shi, suka san yadda ake dafa shi, ita kuwa wannan saboda launinta aka zaɓe ta aka yaɗa ta, ba a noma ta a matsayin ganyen miya. Ƙari a kan haka, mai shukar ado yakan yi mata feshi ba tare da tunanin wani zai ci ba, kuma a yankunan da ake noman auduga maganin da ya fi kusa da hannu shi ne ragowar maganin feshin auduga, wanda ba a yi shi don ganyen da za a kai tukunya ba. Maganar ƙarin jini kuma launi ne ya jawo ta: an ga ruwan ya yi ja, an danganta shi da jini. Abin da jiki ke gina jini da shi sinadarin ƙarfe ne da wasu sinadaran abinci, ba jan launi ba. Idan Inna tana jin jiri ko kasala, a kai ta a auna jininta, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma suna rage jini, sannan a yawaita mata hanta, da nama, da wake, da zogale, da alayyafon gaskiya.

Mai lambun dashe, Domayo, Marwa, ya amsa:

Sallama gare ku. Baba malam ya gama magana a kan suna da asali, Allah ya ƙara masa lafiya, ni kuwa zan faɗi abin da hannuna ya koya mini, domin zafinmu na Marwa bai gaza na Garwa ba, ruwan samanmu ma ya fi naku ƙaranci. Hajiya, a ganina ba rana kaɗai ta kashe miki guda 4 ɗin nan ba, baƙin bokiti da katanga sun taimaka mata. Ki taɓa jikin baƙar roba da ƙarfe 2 na rana a wannan wata na Afrilu, za ki ji ba za ki iya barin hannunki a kai ba, to a cikin wannan zafin saiwar take kwance. Saiwar da ta dahu ba ta iya jan ruwa, shi ya sa shukar ke yaushi alhali ƙasar a jiƙe take, mai ita kuma ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, sai ruɓa ta biyo baya. Katangar siminti kuma tana shan zafi tun safe, ta riƙa mayar wa ganyen da shi har bayan magariba.

Ki nemi tukunyar ƙasa mai faɗin baki, ko tsohuwar randa da ta tsage aka daina zuba mata ruwan sha, ki huda gindinta. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya saiwa. Ni a bazara nakan ɗauki dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa don adana tumatir da tattasai: in sa tukunyar shukar a cikin wadda ta fi ta girma, in cika tsakaninsu da yashi, in riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ba don kowace shuka nake yin wannan wahala ba, sai irin waɗannan masu laushin jiki.

Ƙasar da za ki zuba ita ma abin lura ce. Baƙar lakar da muke dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta tana da kyau ga dawa, amma a tukunya idan ta jiƙe sai ta cuɗe kamar tuwo, idan ta bushe ta tsage ta tsinka saiwa. Ni nakan haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, da kashi ɗaya na yashin da muke ɗiba a mayo Kaliyawo, rafin garinmu, da kashi ɗaya na kashin shanu da ya kwana damina ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona ta, yana kuma gayyato gara. A saman tukunyar sai in shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa mai kaurin yatsa biyu don kada ƙasar ta yi saurin bushewa. Ruwa kuma a bazara sau biyu ne, da sassafe da bayan la'asar, da damina kuwa sai kin tura yatsa kin ji saman ya bushe. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa duk suna yi, amma ruwan wanki mai omo kada ya kusance ta. Idan kika ga bakin tukunyar ya yi fari kamar kanwa, gishirin ruwa ne ya taru, sai ki kwarara mata ruwa mai yawa sau ɗaya har ya fita ta ƙasa ya wanke shi.

Ɗigo-ɗigon da kika gani da hunturu kuwa ina kyautata zaton ba ƙura ba ce. Ki juya bayan ganyen ki kalle shi a haske: idan kin ga siririyar yana kamar ta gizo-gizo, da wasu 'yan halittu ƙanana kamar garin barkono suna motsi, to su ne ke tsotse ruwan ganyen. Busasshiyar iska da ƙura su ne jin daɗinsu, shi ya sa suke yawaita daga Disamba zuwa bazara. Wanke bayan ganyen da ruwa kowace safiya yana rage su ƙwarai. Idan sun yi yawa, ki daka busassun 'ya'yan dogon yaro cikin tafin hannu biyu, ki jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗan kaɗa sabulun wanka kaɗan a ciki, ki fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi. Kada ki fesa da rana tsaka, ganyen zai ƙone.

Abu na ƙarshe, wanda na fi so ki riƙe: wannan shuka ba a riƙe tsohuwarta. Bayan shekara ɗaya ko biyu gindinta yakan yi tsirara, ganye ya koma can sama, kuma babu takin da zai mayar da ita budurwa. Sabunta ta ake yi daga reshe. A yanki kan reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa 3 ko 4, a yanke daidai ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa ko a soka a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu farar saiwa za ta fito daga gaɓar. Idan dashen ya kama ya yi tsawon hannu, a tsinke kansa da farce, domin duk inda aka tsinke rassa biyu ne ke fitowa, da haka take cika ta yi duhu kamar wadda kika gani a gidan bikin.

Wata malamar makaranta, Njamena, ta amsa:

Assalamu alaikum. Yaya, na karanta duk abin da aka faɗa kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma ina so in kawo wani gefen maganar, domin mu a nan ruwan samanmu bai kai ko na Marwa ba, kuma a unguwarmu akwai watannin da ruwa sai an saya a wurin 'yan garuwa. Na yi shekara biyu ina fama da irin wannan jan ganye, kullum ina raba masa ruwan da na saya, daga baya na tambayi kaina ko adon ya cancanci haka. Sai na koma ga wata 'yar uwarsa a dangin alayyafo, wadda masana ke kira Celosia argentea, mai fure ja ko ruwan hoda a tsaye kamar gashin tsuntsu, wani irinta kuma furensa a nannaɗe kamar zankon zakara. Ita wannan abinci ce sananniya, Yarabawa suna kiranta sokoyokoto, suna noma ta suna sayarwa a kasuwa kamar yadda muke sayar da alayyafo. Nakan watsa irinta da ruwan farko na damina, in riƙa tsinkar ɗanyen ganyen kafin ta yi fure, in tafasa in zubar da ruwan farko sannan in sa a miyar gyaɗa, sauran kuma in bar su su yi fure su ƙawata tsakar gida har kaka. Irinta ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, idan furen ya bushe sai ki karkaɗe shi a faranti ki adana a kwalba, ba ruwanki da ban ruwa a bazara.

Ba cewa nake yi ki watsar da naki ba, tunda ku kuna da Binuwai a kusa, kuma na ga shukar ta shiga ranki. Amma idan kika shuka wannan a gefe, Inna za ta samu ganyen da za ta tsinka da hannunta ba tare da fargaba ba, ke kuma ba sai kin yi ta hana ta ba. Ki dai tabbatar irin da za ki ci daga wurin masu noman ganye ya fito, kuma ba ki yi masa feshin magani ba.

Uwar gida, unguwar Yelwa, Garwa, ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba malam, na tsinko ganyen kamar yadda ka ce, kuma tsagar nan tana bakinsa, jijiyoyin ma sun fi haske, don haka ta farkon ce. Na karanta wa Inna amsarka daga farko har ƙarshe, da aka zo maganar maganin auduga sai ta yi shiru, domin ta san mijin yayata manomin auduga ne kafin ya koma Ngaundere. Ta yarda gobe ɗanta zai kai ta a auna jinin. Malama, ina son irin nan da kika ambata, zan tambayi matan da ke kawo ganye kasuwa daga bakin kogi.

Malam mai lambu, na juya bayan ganyen na kuma ga yanar, har da 'yan jajayen abubuwan suna tafiya, wata huɗu ke nan ina kallon saman ganye ban taɓa juya shi ba. Na samu wuri a gabashin ɗakin girki inda rana ke sauka har wajen ƙarfe 10 sannan inuwar ɗakin ta rufe shi, akwai kuma tsohuwar randa a bayan gida. Abin da ya rage mini shi ne: tunda yanzu muna tsakiyar Afrilu, kuma biyun da suka rage sun yi tsawo sun rame, in datse su yanzu in sauya musu tukunya gaba ɗaya, ko in jira ruwa ya sauka?

Mai lambun dashe, Domayo, Marwa, ya sake amsawa:

Hajiya, kada ki haɗa musu datsa da sauyin tukunya da sauyin wuri a rana ɗaya cikin wannan zafi, ba za su ɗauka ba. Yau da yamma ki yanki kan reshe biyu daga kowace, ki wanke su sosai saboda ƙwarin nan, ki tsoma a kofin ruwa a cikin ɗaki kusa da taga, kina sauya ruwan bayan kwana biyu, domin ko iyayen sun mutu kina da magaji a hannu. Su kuma iyayen ki bar su a bokitansu, ki zura bokitin kamar yadda yake a cikin randar, ki cika gefen da jiƙaƙƙen yashi. Tunda sun daɗe a duhun mangwaro ganyensu ya yi laushi, don haka a makon farko ki ba su ranar safe ta awa ɗaya kacal, ki rataya tsohon buhu ko zana ya tare sauran, sannan ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ki ɗaga su daga ƙasa a kan bulo idan kina da awaki ko kaji a gidan.

Datsa da sabuwar ƙasa kuwa sai damina ta zauna, wajen tsakiyar Yuni, lokacin da iska ta yi laushi. A ranar ki yanke su ki bar gaɓa 3 daga ƙasa, rassan da kika yanke kuma kada ki zubar, ki soka su uku-uku a kowace tukunya, tazarar yatsa huɗu tsakaninsu.